Notin Faifan Hagu

Motar mijina, baban su Hansai, damina guda ta yi a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, nan Ƙarfi, ba wanda ya tayar da ita. Ranar da aka dawo daga maƙabarta wansa, Alhaji Haladu, ya aiko a ba shi makulli. Ya ce kayan gado ne, ba a taɓawa sai an raba. Ina cikin takaba, ba ni da bakin magana, na cire makullin daga ƙusar da marigayi yake rataye shi na miƙa.

Ba a taɓawa, in ji shi. Amma da ruwa ya sauka ya sayo takin zamaninsa, duk faɗin gidan nan bai ga wurin ajiya ba sai gindin motar. Ya jera buhuna a ƙarƙashinta, ya jingina wasu da tayar gaba ta hagu, ya janye tamfol ɗin da aka rufe motar da shi ya lulluɓe takinsa. Wasu buhunan suka fashe, ruwa yana bi yana narkar da takin yana zuba a kan ƙarfe. Kowa a garin nan ya san abin da taki yake yi wa ƙarfe. Fartanya ma ka manta a jikin buhu, sai ka dawo ka tarar ta yi jawur. Alhaji manomi ne tun kafin a haife ni, ba zan yarda a ce bai sani ba.

Mijina direba ne, Funtua zuwa Malumfashi. 'Yan tasha Bature suke ce masa, saboda in ya ce zai tashi to zai tashi, ko da kujera ɗaya babu kowa. Inji ya lalace yakan kai wa bakanike, amma birki bai taɓa ba wani ba. A ƙofar gida yake ɗaga motar ya yi da kansa, ni ina zaune a bakin zaure ina miƙa masa sifana. Yakan ce rayukan mutane yake ɗauka, ba buhun masara ba. A haka na san sunan kowane ƙarfe da ke bayan taya, ba don na so ba. Injin motar yana da wani tari da yake yi sau biyu kafin ya kama, kuma ƙaramar 'yarmu, Tasalla, da shi ta san ubanta. Ko nono take sha ta ji tarin nan sai ta saki.

Kafin ciwo ya kwantar da shi ya gano faifan birkin hagu ya tsage, wato faifan ƙarfen nan da birki yake matsewa mota ta tsaya. Ya sayo sababbi guda biyu a Funtua, ya naɗe su a takardar siminti ya tura ƙarƙashin gadona, ya ce ran Juma'a zai sa. Juma'ar ta same shi a asibiti.

Da na fita takaba aka zauna rabo a zauren Malam Talha, limamin unguwarmu. 'Ya'yana biyu ne, duka mata, don haka Alhaji yana da rabonsa a ciki. Wannan hukuncin Allah ne, ban taɓa jayayya da shi ba. Abin da aka bari bai da yawa: sashenmu na gida, da mota, da gonar bayan rafi. Gonar nan an yi shekaru ba wanda ya sa mata garma, tun da masu bindiga suka fara ɗaukar mutane a wannan dajin. Maƙwabcinmu na gona can aka tafi da shi da rana tsaka. Ko kyauta ka ba mutum ita, godiya zai yi ya bar maka abarka.

Na ce a ba yaran mota. Ƙanena Murtala yana da lasin, zai riƙa ja, abin da aka samu mu ci. Alhaji ya gyara zama, ya yi murya irin ta masu tausayi.

"Malam, ni amanar marayun nan ce a wuyana. Motar nan ta mutu. Tsatsa ta cinye ƙafarta. In ba su mushe, me zan ce wa ɗan'uwana gobe kiyama? Ƙasa ba ta ruɓewa. A ba su gona, ni zan ɗauki wahalar ƙarfen."

Na ce daga bayan labule, "Yaya Alhaji, wa ya sa mata tsatsar?"

Malam ya yi gyaran murya, ya ce abin mai sauƙi ne. Ran Asabar bayan la'asar za a ƙarasa rabo. In motar ta zo ƙofar masallaci da ƙafarta, ya shiga, ta tafi, ta tsaya inda ya ce ta tsaya, to rayayya ce, ta yaran ce. In ba ta zo ba, gona tasu, mota ta Alhaji. An yarda a gyara ta, amma kada a canja mata kamanni.

Murtala injin ban-ruwa yake gyarawa, hannunsa ya saba da ƙarfe. Ya aro batir ya canja mai, injin ya yi tarinsa ya tashi. Ranar na riƙe Tasalla a ɗaki da ƙarfi, tana ta zillo. Saura birki kawai, muka bar shi sai Asabar da safe saboda sai a jajibirin ranar Alhaji ya ga damar kwashe ragowar takinsa.

Da hantsi muka fara. Na fito da akwatin kayan aikin marigayi da faifan nan biyu, na shimfiɗa buhu a ƙasa na jera komai yadda yake jerawa. Murtala ya sa jak ya ɗaga motar, ya tokare da kututture, ya cire tayar dama. Ya kwance ƙarfen da yake matse faifan, na ce ya rataye shi da waya kada ya bar shi yana lilo a jikin tiyo. Sai faifan ya rage, wasu 'yan ƙananan notuna biyu suna riƙe da shi, kansu a shafe da fuskar faifan, da tsaga kamar kuros inda bakin sukundireba yake zama. Kowanne bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Na dama suka ɗan yi gardama, ya ƙwanƙwasa su da guduma, suka yi ƙara suka fito. Kafin rana ta yi zafi sabon faifai yana kai yana sheƙi.

Murtala ya yi dariya ya ce, "Yaya, ashe abin ba wuya. Kafin azahar mun gama, har wanki zan yi mata."

Na ce, "Ka bari mu ga hagu tukuna."

Notunan tayar hagu sai da Murtala ya hau kan sifana da ƙafa biyu. Da tayar ta fita na leƙa. Komai ya yi ja ya kumbura, yana ɓarewa kamar ɓawon itace. Tsagar da marigayi ya gani tana nan, daga baki har kusa da tsakiya. Ya kankare da buroshin waya har kan notunan biyu suka bayyana. Muka zuba kalanzir muka jira. Na farkon ya motsa bayan bugu, ya fito rabi a cinye. Na biyun ko gezau.

Tsallaken titi akwai benci a inuwar shagon caji. Tun da muka cire tayar farko Alhaji ya zo ya zauna a kai da rediyonsa. Bai yi mana sannu ba, bai kuma ɗauke ido ba.

Murtala ya sa sukundireba ya murɗa, bakinta ya zame ya fita. Ya sake, ta sake zamewa, wani ɗan farin ƙarfe ya fito a gefen tsagar.

Na ce, "Tsaya. Cinye kan kake yi. Marigayi yakan ce dannawa ta fi murɗawa. Ka kwanta a kanta da ƙirjinka."

Ya kwanta a kanta har jijiyar wuyansa ta tashi. Ni na ɗauki guduma ina bugun gindin sukundirebar yana murɗawa. Mariƙin roba ne, bugu kaɗan ya dare biyu. Muka ɗauko wata. Muka zuba man birki, muka koma kalanzir, wata tsohuwa mai wucewa ta ce a gwada manja, muka gwada. Na shiga gida na hura gawayi a kasko, na kawo, Murtala ya ɗauki garwashi da awartaki ya danna a kan notin ina fifita har wurin ya fara hayaƙi, sannan na kwarara ruwan randa. Ya yi cuu. Muka sa sukundireba, ta juya, har na fara murna. Ashe ba notin ne ya juya ba, tsagar ce ta ƙarasa cinyewa. Inda kuros yake ya zama ɗan rami sumul kamar cikin ludayi.

Aka kira azahar. Murtala ya je ya dawo, bai ci abincin da Hansai ta kawo masa ba. Ya ɗauki cizal, ƙarfen nan mai kaifin baki, ya kafa a gefen kan notin yana bugawa a karkace, ko zai tura shi ya zagaya. Gefen yana ɓantarewa, jikin yana nan daram. Guduma ta kuɓuce ta same shi a yatsa, farcen ya yi baƙi nan take. Ya zauna a ƙasa ya riƙe hannun tsakanin gwiwoyinsa. Ni kuwa na tsaya ina kallon abin nan da zan iya rufewa da kan ɗan yatsana. Abincin 'ya'yana ne a bayan wannan ɗan ƙarfen.

Murtala ya ce, "Sai dai a huda kan. Bari in kira Monday."

Monday mai walda ne a bakin kasuwa, haifaffen garin nan, tare suka yi firamare da marigayi. Ya zo a kan babur da ƙaramin janareto ɗaure a baya da injin huda ƙarfe a jaka. Ya yi mini gaisuwa ya sake yi mini ta'aziyya, ya durƙusa ya duba.

"Wannan ai ba aiki ba ne, Maman Hansai. Kan kawai zan cinye, faifan ya zame. Guntun da ya rage ko a bar shi a ciki."

Ya ja igiyar janareto, ya tashi. Kafin ya jona waya sai ga Alhaji ya tsallako titi, rediyo a hammata, yana tafiya a hankali kamar mai zuwa ɗaurin aure.

"Monday, me za ka yi?"

"Ranka ya daɗe, kan notin nan zan huda."

"Huda? A dukiyar marayu?"

Na ce, "Yaya Alhaji, Malam ya ce a gyara."

Bai dube ni ba, ya juya wajen Murtala yana magana. "Kwancewa gyara ne. Hudawa ɓarna ce. Abin da aka kwance ana mayarwa. Wanda aka huda wa zai mayar? Ina da haƙƙi a motar nan har a raba, kuma ban yarda a sa mata injin yanka ba."

Monday ya ce, "Alhaji, notin nan fa ba abin da yake riƙewa. Don kada faifan ya faɗo kafin a sa taya ne kawai. Notunan taya su ne suke ɗaure komai. Rabin motocin tasha babu shi."

"In ba ya riƙe komai, me ya sa masu ƙera ta suka sa shi? Ka fi su sani ne?"

Monday ya ajiye injin hudar. Filin da rumfarsa take kai na Alhaji ne, duk garin an sani.

Murtala ya kira Malam Talha a waya ya sa a fili kowa ya ji. Ya yi bayani, Alhaji ya karɓa ya yi nasa, nasa ya fi tsawo kuma da Larabci a ciki. Malam ya ce shi bai san kan mota ba, amma abin da aka yi tarayya a kansa, in ɗaya daga magada ya ƙi a yanka ko a huda, to a dakata har a raba. Ya ƙara da cewa Allah ya ba mu haƙuri.

Ba za a huda ba sai an raba. Ba za a ba mu ba sai ta tafi. Ba za ta tafi ba sai an huda. Na juya maganar nan a kaina ta kowane gefe, ban ga ƙofa ba. Monday ya kashe janareto, ya naɗe wayarsa a gwiwar hannu, ya ɗaure kayansa. Da zai tafi ya ce mini, "Ki yi haƙuri," da murya ƙasa-ƙasa. Na gaji da wannan kalma tun ranar da aka fita da gawa.

Alhaji ya koma bencinsa. Inuwar darbejiya ta fara miƙewa gabas.

Murtala ya matso kusa da ni. "Yaya, akwai dabara. Mu mayar da komai a kan tsohon faifan. Daga nan zuwa masallaci ne kawai. In bi a hankali, in riƙa taimaka mata da giya. Malam ba zai leƙa bayan taya ba. Da zarar an ce tamu ce, gobe mu huda abinmu."

Na durƙusa na sa farce a tsagar faifan. Da safe da ƙyar take kama farce. Yanzu, bayan duk bugun da muka yi, kan ɗan yatsana yana shiga. Hanyar masallaci gangare ce, kuma bayan la'asar ne yaran Islamiyya suke tsallakawa a daidai kwanar mai shayi, Hansai ma a cikinsu take. Na daɗe a durƙushe. Ina so in ce masa to, wallahi ina so. Mutumin da ke kan benci bai ji kunyar kowa ba, ni ce zan ji?

Na ce, "Mai motar nan bai taɓa fita da ita a haka ba. Ba za a fara a hannuna ba."

"Yaya, gonar bayan rafi fa za su ba ku."

"Na sani. Ci gaba da bugu."

Ya ci gaba, da hannun da ya kumbura. Da ya gaji na karɓa. Ban san mata nawa ne suka leƙo ta katanga suna kallon matar da ta fita takaba jiya-jiya tana dukan ƙarfe a ƙofar gida ba, ban kuma damu ba. Ina bugu aka kira la'asar. Ina bugu na ji an tayar da salla. Alhaji ya kashe rediyo, ya kaɗe rigarsa, ya wuce ta gabanmu zuwa masallaci, ya ce, "Sannunku da aiki."

Ban je zauren Malam ba. Murtala ne ya je, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Ba sai ya faɗa ba. Mutane suka yi ta yabon Alhaji, wai ya bar wa marayu ƙasa ya ɗauki ruɓaɓɓen ƙarfe don zumunci. Wata ma har gida ta zo ta ce in gode Allah da ya ba yarana baffa irin wannan. Na ba ta ruwa ta sha, don a gidanmu ba a koya mini korar baƙo ba.

Kwana biyu bayan nan da safe, ina dama koko, matar Alhaji ta yi sallama. Wai Alhaji ya ce a ba da faifan da ya rage, tunda na motar ne. Na jawo shi daga ƙarƙashin gado, a cikin takardar simintin da marigayi ya naɗe shi da hannunsa, na miƙa mata. Ta kasa haɗa ido da ni.

Jim kaɗan na ji janareto a ƙofar gida. Na leƙa ta zaure. Monday ne a durƙushe, Alhaji a tsaye a kansa yana nuna masa wurin da sanda. Injin ya yi ƙara, ɗan garin ƙarfe ya zubo, kan notin ya fito a bakin injin kamar zobe. Ya bugi faifan sau ɗaya da guduma ya faɗo ƙasa ya rabe biyu. Kokon da na bari bai ma huce ba. Aka sa sabo, aka mayar da taya, ba wanda ya nemi wani noti ya maye gurbin wancan. Na ji Alhaji da kunnena yana cewa, "Bar shi, ai ba ya riƙe komai."

Na koma ciki na zuba wa yara koko. Tasalla tana zaune a kan tabarma da kofinta a hannu biyu. Sai injin ya yi tari, ya sake yi, ya kama.

Ta saki kofin. Kafin in miƙe ta kai zaure, ba takalmi, tana kiran Baba, Baba. Na cim mata a bakin ƙofa na ɗauke ta. Motar tana juyawa, Alhaji ne a mazaunin direba da sabuwar hula. Ya ɗaga mana hannu, ya gangara, ya taka birki a kwanar mai shayi, ta tsaya cak ba ko ƙara.

Yanzu ya sa mata direba, Funtua zuwa Malumfashi. A gindin darbejiyar take kwana, don ya ce nan ta saba. Kullum da safe kafin a tayar da ita nakan goya Tasalla in ɗaure zanen da kyau, in shiga da ita can ƙuryar ɗaki. Ta yi girma da goyo, bayana yana ciwo, kuma duk da haka tana ji.